Na Tona Asirin Ƙanena Don a Daina Kallon Ƙibata

A shekarun da council, wato ƙaramar hukuma, ke ta rage ma'aikata, ina aikin kula da tsofaffi a Manchester, ina zaune a unguwar Levenshulme. Mace ce ni mai ƙiba tun ƙuruciya. A coci, matan zumunta kan tambaye ni cikin raha ko kujera ɗaya za ta ishe ni. Duk ciwon da na kai wa GP, likitan unguwarmu, sai ya ce in rage nauyi. Har na daina shiga hoto, na yarda cewa ni abin dariya ce.

Ƙanena yana karatu a Birmingham. Wata rana ya zo, ya ce mini shi maza yake so, ya roƙe ni kada kowa ya ji. Ranar Lahadi na kai maganar gaban matan zumunta da sunan neman addu'a. Gaskiyar ita ce so nake ko sau ɗaya a ɗauke ido daga jikina. Aka kuwa ɗauke, aka rungume ni ana tausaya mini. Kafin sati ya zagayo labari ya isa wurin iyayenmu a Jos, shi kuma ya daina ɗaukar wayata.

Bayan shekara biyu aka sallame ni daga aiki, na sami ƙarfin halin zuwa gidansa a unguwar Selly Oak ta Birmingham. Wata Baturiya da suke haya tare ta buɗe ƙofa, da zanen tatu a jikinta tun daga hannu har wuya. Ban san lokacin da na ƙanƙame jakata ba. Ta lura, ta ce ta saba, ko da zafi doguwar riga take sawa in za ta neman aiki. Ta ce ita tana iya rufe nata, ni ba na iya rufe ƙibata, ƙanena kuwa ya rufe nasa har sai da na yaye. Ita ce ta yi jinyarsa lokacin da ya daina cin abinci, yana cewa ba shi da amfani.

Ya sauko a rame, ya ce mini sannu Yaya, ya haɗa mini shayi. Bai ce in kwana ba.

Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na san zafin raini fiye da kowa, amma na ɗora wa jinina don in huta na yini ɗaya. Duk wanda aka wulaƙanta, ya kiyayi neman na ƙasa da shi. Ban ƙaru da komai ba, ƙanena kawai na rasa.