Kwanona Daban

Na sha wahala, ba 'yar kaɗan ba. Ko yanzu da shekaru suka ja, in na shafa tabon da ke gefen hancina sai abin ya dawo mini sabo. Ba na jin zan manta da shi har in shiga kabari.

Ni zabiya ne, kuma manomi, a Kurmin Kogi aka haife ni. Tun ina yaro rana ke gasa ni, har na saba. To wata damina sai wani ɗan ƙurji ya fito mini a gefen hanci, yana ƙyalli kamar ƙwayar dawa. Ba ya zafi. Sai ya fashe ya yi jini, ya yi ɓawo, in ce ya warke, ina alwala ya sake ɓarewa. Na shafa man kemis na Ikara, na shafa na gargajiya, shi kuwa sai ƙara faɗi yake.

A unguwarmu ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da tuwon gidansa ƙofar gidan aminina, mu baje tabarma, mu gama da wannan kwano mu jawo wancan. Tun kafin in yi aure nake cin tuwo a wurin nan. Ran nan na wanke hannu zan sa, sai aminin nawa ya gutsuro tuwo a murfin kwano, ya zuba miya, ya turo mini gefe.

"Bature, ga naka nan, don ka sake," in ji shi. Haka yake kirana tun muna yara.

Na ce, "Da can a matse nake?"

Ba wanda ya yi dariya, kowa ya sunkuyar da kai. Daga ranar kwanona daban, moɗata daban. Ba wanda ya kore ni. Ana gaisawa, ana hira da ni, amma daga nesa. Wallahi gara a ce zagina suka yi.

Wata ma'aikaciyar jinya a Makarfi ce ta leƙa fuskata ta ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfin man shafawa, ka tafi Zariya." Na sayar da masarata na nufi wani asibitin kuɗi, don ba ni da haƙurin jiran layi a na gwamnati. Ni kaɗai na je. Maiɗakina na fama da yara, 'yan'uwa kuma kowa ya ce aikin rake ya riƙe shi. A bencin asibiti kowa da mai riƙe masa jaka, ni kuwa daga ni sai ledar gyaɗa.

Likita ya yanki ɗan nama aka kai gwaji. Da na koma ya zaunar da ni, ya ce ciwon daji ne na fata. Ya ce in kwantar da hankalina, irin wannan wurin da yake shi yake ci, da wuya ya bazu cikin jiki, kuma rana ce ta jawo shi. In an yanke shi da wuri, an tsira.

Ban tambayi ko zan mutu ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Likita, ana ɗauka?"

"Ɗauka kamar yaya?"

"In mutum ya ci tuwo da ni."

Ya ce, "Ba a ɗauka. Mene ne a ledar nan?" Na ce gyaɗa. Ya ce in sam masa. Na miƙa ledar, ya ce a'a, in ɗebo da hannuna. Na ɗebo, ya karɓa ya watsa a baki yana tauna. Ni ƙato da furfurata, sai da na juya fuska wajen bango.

An yi mini allurar kashe zafi, idona biyu aka yanke aka ɗinke. Ya ce daga yau ba ni ba rana tsaka, in riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu, in kuma riƙa dawowa yana dubawa.

Da aka cire zare wurin ya bushe, na fita ciyayya da murnata. Na zayyana musu komai, har maganar gyaɗa. Suka ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya ƙara sauƙi." Sai ga murfin kwano ya taho gefena kamar kullum. Na ci na tashi.

A nan na gane ciwo likita na yanke shi a jefar, amma ƙyama in ta shiga zuciyar mutane ba wuƙar da ke ciro ta. In kuma na zauna jiran a ce mini matso, to da murfin kwano zan tsufa.

Washegari da safe na ɗora malafata, na sayi ƙosai a kwano ɗaya, na je na yi sallama da aminina. Na ajiye kwanon tsakaninmu, na ɗauki ɗaya na ci, na tura masa. Ya daɗe yana kallon ƙosan nan. Sannan ya yi bisimilla, ya ɗauka daga can gefe, inda hannuna bai taɓa ba. Na gani sarai. Na ƙara tura masa kwanon.