Badam da Ɗigon Baƙin Mai

Duk wanda ya tashi a kwarinmu ya san Badam direba. In bai san fuskarta ba ya san muryarta, don ba ta taɓa koyon magana a hankali ba. Tun tana budurwa, zamanin da dabbobi duk na gwamnati ne, take jan mota, tana kwaso masu naƙuda daga tantuna zuwa asibiti. Rabin magidantan nan a bayan motarta suka yi kukan farko. Da aka raba kayan gwamnati, kowa ya ja raƙumi ko doki, ita ta ce a ba ta tsohuwar motar nan ƙirar Rasha mai kama da burodi. Mijinta ya rasu ya bar mata garken tumaki, ta ci gaba da zamanta ita kaɗai.

Bana, sanyi na ƙaratowa, motar ta fara ɗigar da baƙin mai ta bayan inji, daidai mahaɗarsa da giya. A wajenmu wannan ba abin wasa ba ne. In hunturu ya kankama mai daskarewa yake kamar kitse, sai an hura wutar kashin shanu a ƙarƙashin inji kafin mota ta tashi. Ka hura wuta ƙarƙashin mota mai yoyo, ai kun yi sallama da ita. Ba mota kuwa, tsohuwa ba ta iya ƙaura zuwa mafakar hunturu, balle jigilar ciyawa.

Ɗanta Galsan na jin labari ya taho daga birni da murnarsa, don ya daɗe yana neman dalilin ɗauke ta.

"Inna, motar nan ta gama aiki. Mu sayar da dabbobin. Ga ɗaki can a saman bene yana jiranki, da ruwan zafi a famfo."

"Saman bene! Ni tsuntsuwa ce?"

"Sil ɗin baya ne fa, mai tare man inji, sai an sauke giya. Ni kuma ba zan sa hannu ba."

"Wa ya roƙe ka, mai takalmin ƙyalli? In na gyara tana ɗiga, na bi ka. In ba ta ɗiga, ka kama hanyarka."

Ta haƙa rami, ta ɗora motar a kai, ta naɗe hannun riga ta shige. Da jak da igiyar gashin raƙumi ta sauke giyar. Sil ɗin irin waɗannan motoci wata 'yar igiya ce, tsohuwar ta ƙone ta zama gari. Sabuwar na ƙasan akwati, ƙarƙashin rigarta ta biki. Ta jiƙa ta da mai, ta danna ta cikin gurbinta da ƙotar guduma, ta datse bakin. Har waƙa take yi, don haushi ya kama Galsan da ke shan shayi a ƙofar tanti.

Mayar da giya ne ya zama aiki. Da can a kan gwiwoyinta take ɗaga ta, ta tura ta shige. Yanzu ta ɗaga, ƙarfen ya zame. Ta sake, ya zame ya matse mata yatsa. Ba ta yi ihu ba, sai ta zage giyar tas har kakanninta. Amma tsoro ya shige ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ta gane ba motar kaɗai ta tsufa ba. Ta san kuma Galsan ba sai ya yi komai ba. In ya zauna kawai, ya ci nasara. Ta cije leɓe, ta sake tallabo ƙarfen.

Sai ga takalmin ƙyalli ya diro cikin ramin.

"Matsa, Inna."

"Wa ya kira ka?"

"Ba kowa."

Ya sa kafaɗa ya ɗaga, tana yi masa tsawa, hagu, dama, kai ba haka ba! Giya ta shige ƙwas. Ya ɗauki sifana yana ɗaure notuna, baƙin mai na bin farar rigarsa.

"Ka ɗaure da kyau. Kada ka yi mini mugunta ka bar ɗaya sako-sako."

"Na yi tunanin haka," in ji shi. Ya ƙara wa notin ƙarfi.

Da suka gama ta shimfiɗa farin bargo a ƙasa, ta tayar da inji, ta bar shi ya yi ta ruri har ya ɗau zafi. Ta jawo bargon ta ɗaga masa a fuska. Fari tas.

Washegari ya shiga motarsa shi kaɗai. Ya sauke gilas, bai iya kallonta ba.

"In wani abu ya same ki cikin ƙanƙarar nan, Inna, da hannuna na ɗaure shi."

"Da hannunka ka bar uwarka a gidanta. Tafi, rana na yi."

Ta ɗebo madara a ludayi ta watsa a bayan motarsa, yadda muke yi wa matafiyi. Sai da ya ɓace bayan tudu sannan ta yi kukanta, mai isarta, ba mai ganinta. Ta share fuska da hannun nan mai kumburarren yatsa, ta je ta buɗe wa tumaki.