Kunnen Mai Injin Niƙa

Har gobe ban manta ranar da Hajiya Adiza mai koko ta ja ni asibiti ba. Shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, ina aikin injin niƙa a bayan kasuwar Nima, wajen Masta Issaka. Kun san aikin: da asuba a tada inji, mata su jero da bokitan masara da gero, ba a kashewa sai azahar.

Sannu a hankali na ga duk mutanen Nima sun koma raɗa. Ashe kunnena ne. Mata suka fara ƙorafi sai sun yi ihu nake juyowa, Masta ya ce in ban nemi magani ba, zai sa wani a madadina.

A unguwar Tudu akwai wani boga, irin masu dawowa daga Jamus, yana da na'urar ji cikin kayan gwanjonsa. Na gwada. Kai, cale, har numfashin mutumin na ji! Na ce ya ajiye mini.

Ina cika baki a wurin aiki, Hajiya da ta kawo niƙa ta tambaye ni wa ya leƙa kunnen. Na ce boga.

"Ɗana, mai sayar da tsohon takalmi ne likitanka?"

Washegari ta bar kokonta a hannun 'yarta, ta tura ni cikin trotro, motar haya, sai asibiti.

Likita ya leƙa, ya ɗora mini abin kunne irin na matuƙin jirgi, ya ce in na ji ƙara in ɗaga hannu. Ni da jarrabawa ba ma shiri, sai na riƙa ɗagawa ko ban ji ba. Ya ce ai bai kunna ba tukuna. Hajiya ta ɗaka mini duka a ƙeya.

Da muka gama ya tambayi sana'ata, na faɗa.

"Na'urar nan ƙara sauti take yi," in ji shi. "Ka tsaya da ita gaban inji, ragowar jin naka ma ya tafi."

Ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma saura da yawa. In ranar na'ura ta zo, su za su auna mini; yanzu dai in riƙa toshe kunne a gaban inji. Na je neman abin buɗe kunne, na dawo da robar toshewa. Masta ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in samo masa nasa.

Inji ba ya cin mutum rana ɗaya, kuma na gefe ke fara gani. Shi ya sa, ku yaran injina, nake duba robar a kunnuwanku kafin a tada shi, ku daina ɓata mini fuska. Hajiya kuwa, Allah ya jiƙanta, har ta bar sana'a ban sake barin bokitinta ya bi layi ba.