Acayan, Ammaci Ta Hana a Naɗe Zanenka

Ranar Asabar 14 ga watan Yuni, da hantsi, ana tsuga ruwan farkon damina, Allah Ya karɓi ran yayana Kuruvilla Pothen a wani asibiti a Kottayam, bayan gajeriyar jinyar ciwon zuciya. Shekarunsa sittin da takwas. Ya bar matarsa Leela, da 'yarsa Tara, da ni ƙanwarsa Sosamma, da mahaifiyarmu Ammaci, wadda ta haura casa'in, idanunta sun tafi amma hankalinta na nan daram. Na rubuta "Allah Ya karɓi ransa" ina sane da cewa da yana nan, da ya ɗauki jan biro ya ja layi a ƙarƙashi, kamar yadda yake yi wa ɗalibansa. Ka yi haƙuri, Acayan, kamar yadda muke kiran babban yaya a gida. Ni ban san wata hanyar faɗar mutuwa ba.

Waɗanda suka san ka a matsayin malamin kimiyyar da ba ya shiga coci ba za su yarda da ni ba, amma duk garinmu Pampady ba a yi yaro mai ibada kamarka ba. Kai ne mai riƙe kaskon turare a gaban bagadi. Kai ne mai karanta nassi ranar Lahadi, da muryar da ke sa tsofaffin mata share ido da gefen mayafi. Ka haddace waƙoƙin Suriyanci, tsohon harshen cocinmu, tun ba ka san ma'anarsu ba. Babanmu ya riga ya gama shawara da zuciyarsa cewa limami za ka zama, har a gonar roba yana faɗa wa masu tatsar roba cewa wata rana sai sun sumbaci hannun ɗansa.

Kana da shekara goma sha tara ka ajiye kaskon. Ba a yi maka wani laifi ba, ba ka kuma yi rigima da kowa ba. Muna cin rogo da kifi da rana ka ce wa babanmu ba za ka koma ba. Daga baya na same ka a bakin rijiya ina kuka, na tambaye ka dalili. Ka ce, "Na kira, na kira, Sosa, ban ji kowa ba. Ba zan iya ci gaba da yin kamar na ji ba." Babanmu ya yi shekaru bai yi maka magana ba. Da ka auri Leela a ofishin rajista, ba limami ba albarka, sai aka cire sunanka daga cikin 'yan coci. Tun daga lokacin nake jin tsoro a kanka, kuma har yau tsoron bai sake ni ba.

Sai dai ka bar coci, cocin ce ta ƙi fita daga jikinka. Kana ɓare rogo kana rera waƙar Juma'ar gicciye ba ka sani ba. Babban azumi in ya zo, cikinka ya ƙi nama, ka ce wai mai ne ya yi yawa. Mu dai sai mu kalli juna.

Alherinka kuwa, wa zan fara da shi? Kai ka tsaya tsayin daka har aka bar ni na tafi koyon aikin jinya, lokacin da babanmu ya ce ba 'yarsa da za ta wanke baƙin maza. Shekarar babbar ambaliya ka goya wata tsohuwa, Mariamma, a bayanka, ruwa har ƙirji, tana karanta addu'a a kunnenka kana ce mata ta ɗaga murya, wai tana taimaka maka da lissafin takunka. Jininka kuwa ban san jikin mutum nawa yake yawo a ciki ba. Ko a tsakiyar darasi aka kira ka ana neman jini, sai ka ajiye alli ka hau babur.

Amma abin da ba zan manta ba shi ne karatun yamma. Da idanun Ammaci suka tafi, kullum bayan makaranta sai ka biyo gidana ka zauna a baranda ka karanta mata Zabura, da waccan muryar dai ta gaban bagadi.

"Ku ji mini kafirin ɗana," in ji ta. "Ya fi Fada na cocinmu iya karatu."

"Ammaci, karatu nake, ba yarda nake ba."

"Kai dai karanta. Wanda ake wa karatun ba kurma ba ne."

Ba ta taɓa ruɗin kanta a kanka ba. Ta san ba ka gaskata ba. Abu ɗaya ta riƙe, shi ne kabarin gidanmu da ke bayan coci, mai murfin dutse, inda babanmu da kakanninmu suke kwance. Ta sha faɗa a gabanka cewa in coci ba ta same ka a tsaye ba, za ta same ka a kwance, za ta je ta durƙusa wa Fada har sai ya yarda. Sai ka yi dariya ka canza magana. Kai da ba ka tsoron faɗa wa kowa gaskiya, abu ɗaya ka kasa faɗa mata: ka riga ka ba da gawarka ga makarantar likitoci, ɗalibai su yi karatu da ita. Ka tafi ka bar mini wannan, Acayan, kuma ban ji daɗi ba.

Ranar da ka rasu Ammaci na kwance da zazzaɓi. Motar makarantar ta zo ta ɗauke ka kafin la'asar. Na yi aikin asibiti shekaru masu yawa, na san ɗakin da aka kai ka, na san warinsa, na san sanyinsa. Da muka dawo gida, ɗan kawunmu Joykutty ya riga ni shiga wurinta. Ya ce mata an binne ka kusa da babanmu, ruwa da zazzaɓi ne suka sa ba a kai ta ba. Ta ɗaga hannu sama ta yi godiya. Na tsaya a bakin ƙofa, ban ƙaryata shi ba.

Washegari ta sa aka yi maka abin da muke yi wa mamatanmu. Aka fito da gado tsakar ɗaki, aka shimfiɗa farin zane, aka ajiye gicciye da Littafi da kyandir a wajen kai. Haka zai zauna har ranar arba'in da ɗaya, ba nama ba kifi a gidan, sannan a je kabari da turare, a dawo a naɗe zanen. Leela ce ta kawo zanen daga gidanku, ta goge shi da hannunta, ita da ba addininta ba ne.

Daga nan barci ya ƙaurace mini. Ammaci ta warke, ta fara koyon tafiya da sanda daga wannan ƙarshen baranda zuwa wancan, wai don ta yi ƙarfi kafin ranar. Kowane bugun sandar nan a ƙirjina yake sauka. Joykutty ya ce, "Ke ma dai, Sosa! A kai ta ta dafa dutsen, ta yi kukanta, a dawo. Gani take yi?" Joykutty bai taɓa raka ta kabari ba, shi ya sa. Duk shekara ni nake kai ta ranar tunawa da babanmu. Da yatsu take bin gefen murfin, tana ɓantare gansakuka daga tsagar. Kabarin da aka buɗe, sabon siminti ake liƙe shi da shi. Yatsunta za su tarar da tsohon siminti da gansakukar bara, a gaban Fada da dangi duka.

Leela ce ta yanke maganar. Ta ce, "Ko ki faɗa mata ko in faɗa mata. Mijina bai yi mata ƙarya yana raye ba, ba za a yi mata ƙarya da gawarsa ba."

Shekaranjiya bayan abincin rana na zauna a gabanta na riƙe hannunta, yatsana a kan jijiyar wuyan hannun, ina jin bugunta, don ina tsoron zuciyarta za ta tsaya. Na faɗa mata komai. Ba ta yi kuka ba. Sai ta ce, "Wannan yaron da ke sumewa in an yanka kaza?" Ta tambaya ko sun rufe ka da wani abu. Na ce suna rufewa. Ta tambaya yaushe za su gama su dawo da kai. Na ce ba sa dawowa da mutum, Ammaci.

Ta lalubo gefen gadon ta shafa zanen. Ta ce, "To kada wanda ya naɗe wannan. Arba'in ta zo ta wuce, ku bar shi a shimfiɗe. Ranar da na mutu ku naɗe ni a ciki. Ni zan shigar masa da shi wurin ubansa, in ga mai hana ni."

Tun daga ranar ta daina tafiyar baranda. Sandar na jingine a bango. Ruwan shinkafa kawai take sha, shi ma sai da lallashi. Tana zaune kusa da gadonka, kamar mai jiran mota da kayanta a ɗaure. Ina tsoro, Acayan. Ina tsoron inda kake, ina tsoron kuma yadda take ɗokin biyo ka.

Ya Ubangiji, Kai ka san abin da ya faɗa mini a bakin rijiya, cewa ya kira bai ji amsa ba. Ka tuna da tsohuwar da ya goya, da jinin da ya bayar, da Zaburar da ya karanta wa makauniya, da yaran da za su koyi warkar da mutane a jikinsa. Ka yi masa jinƙai irin naka, ba irin namu ba. Leela, 'yar'uwata, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da wannan zanen da kika goge. Tara, ubanki mutumin kirki ne, kada kowa ya faɗa miki wani abu dabam. Ɗalibansa da abokansa, ina yi muku ta'aziyya, ku ma ku yi mana.

Zanen na nan a shimfiɗe. Kowace safiya ina kakkaɓe shi, in canza kyandir, in roƙi Allah kada a naɗe shi da wuri.