Noti Huɗu a Ƙarƙashin Jif

Da mijina ya rasu, ya bar mini tsohuwar jif ɗin da ya saya a hannun 'yan mishan. Da ita nake kai taki gonar cittarmu a Kagoma, idan na tashi daga makarantar da nake koyarwa a Kafanchan. Wata damina tayoyin gaba suka daina ja, ko ɗan ƙaramin taɓo sai ya riƙe ni.

Maƙwabcina tsohon makanikin reluwe ne, ciwon baya ya hana shi sunkuyo. Ya sa na tayar da injin, ya kasa kunne.

"Malama, iska na zurarewa," in ji shi. "Akwai wani ɗan gwangwani a jikin ƙarfen tayoyin gaba, zuƙar iska ke sa shi haɗa su. Sai an ciro shi."

"Baba, wa zai shiga ƙarƙashi?"

"Ke mana."

Na shimfiɗa buhu na kwanta. Yana zaune kan kujera yana gaya mini: in zare tiyon iskar tukuna, sannan noti huɗu. Na ƙarshen ya ƙi kwancewa, ya ce in ɗiga masa kananzir in jira. Da gwangwanin ya fito, man giyar motar ya zubo mini har wuya. Ashe robar cikinsa ce ta yage.

Sau uku ina juya sifana baibai, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da aka kawo mana sabon gwangwani daga Jos, ni na ɗaura shi da hannuna, tayoyin gaba suka dawo suna ja. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri.