Ciwo ba shi da ƙafa

A gidanmu na Gazawa, in sanyi ya shigo, kakarmu Iya Dije kan hura wuta da karan hatsi, mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Ba ta fara tatsuniya sai ta tsokane mu: "Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Mu ne!" Ta ce, "Da waɗannan ƙafafun naku masu faso?"

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta Ciwo. Wai Ciwo gurgu ne. Ya zauna bakin kasuwar Cadawa yana roƙo a kai shi cikin gari. Jaki ya ƙi, raƙumi ya ƙi. Sai ga wani mutum mai kunya, ya miƙa masa hannu. Shi ke nan, Ciwo ya ɗafe! Daga hannu ya faɗa moɗa, daga moɗa ya hau tari, kowa ya je dubiya sai ya goyo shi zuwa gida. Tsohuwa ɗaya ce ta gano shi. Da ya kama jikanta, ta ja ƙyaure, ta ware wa yaron moɗarsa, ta ce mai gaisuwa ya tsaya bayan danga. Gari ya zage ta tas. Jikan dai ya warke, Ciwo ya rasa mai ɗaukarsa, ya mutu a nan.

"Kun ji ko?" in ji Iya Dije, tana nuna mu da karan wuta. "Ba shi da ƙafa. Ku ne ƙafafunsa."

Mu lokacin dariyar gurgun kawai muke yi.

Sai da na yi aure, ƙyanda ta kwantar da ɗana, na gane maganar. Mun dawo daga likita ke nan, na ji kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida. Yayata Hadiza ce daga Cadawa, goye da jaririyarta wadda ba ta kai ga allurar rigakafi ba. Na ruga na tare ƙofa.

"Yaya, tsaya nan, kar ki shigo."

"Ni kike kora, Rabi? Ni?"

"Ke fa. Ki zage ni, na yarda. Amma 'yar nan ba za ta shaƙi iskar ɗakina ba."

Ta juya ko ruwa ba ta sha ba. Na yi kuka, amma ban buɗe ba, kuma ko yau haka zan yi. Har damina ta wuce ba ta yi mini magana ba. Dangi suka ce na yanke zumunci. Ɗana ya tashi, jaririyar kuwa ko zazzaɓi ba ta yi ba. Yanzu tana lakol, wato makarantar boko, ta fi uwarta baki.

Bara na tafi Cadawa gidan yayata da goyona, ban san tari ya kama yaran gidan ba. Ina sallama, sai muryar Yaya Hadiza ta fito daga bayan danga: "Rabi, tsaya nan! Iya Dije ta hana."