Robar da Na Binne a Fadan Kagoma

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kafanchan, ni da yayata, a wata tsohuwar mota mai zuwa Kaduna. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, buhunan citta a but har murfin ya ƙi rufuwa sai da aka ɗaure shi da igiya. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Direban ko a jikinsa, ya ce wanda bai yarda ba ya je ya yi rigimarsa da gidan mai. Na zaunar da Yaya a bakin taga don kada wani ya riƙa gogar gefen da aka yi wa aiki.

Shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da aka cire mata ƙullutun cutar kansa, wato ciwon daji, daga nono a wani ƙaramin asibiti, aka bar mata nononta. Mun yi godiya a coci, 'yan zumuntar mata har da rawa. Yanzu ga wani ƙullutun ya fito daidai bakin tabon. Shi za mu kai wa likita a babban asibiti, mu ji ko abin ne ya dawo, ko kuma nonon zai tsira a wannan karon.

Daga Zonkwa zuwa Kachia ramuka suka jijjiga mu har ƙugu ya daina ciwo ya koma mutuwa. Shingayen bincike kuwa na ƙirga har na gaji na bari. A Kachia direba ya tsaya ƙara iska, muka sayi ƙosai da kunun gyaɗa. Wata Bafulatana mai tallar man shanu ta dubi Yaya ta ce ta rame, ta sayi kwalba guda ta murmure. Yaya ta yi dariya, ta ci ƙosai uku. Ni ko ɗaya na kasa haɗiyewa, kuma na san dalili.

Ranar tiyatar, nas ta miƙo mini wata roba mai murfi, naman da aka cire yana cikin ruwan magani, da takarda a naɗe. Ta ce a kai gwaji Jos ko Kaduna. Da na isa gida Fadan Kagoma da ita, gwaggonmu ta ce ba a yawo da naman ɗan Adam a mota kamar kayan miya. Yadda ake binne mahaifa a bayan ɗaki, haka za a binne wannan. Ai likita ma ya ce ya cire duka. Ni malamar makaranta ce, na san abin da ake nufi da gwaji. Amma kwana huɗu na yi a kan benci a asibiti, Jos ta yi mini nisa, maganar gwaggo ta zo mini daidai da gajiyata. Da hannuna na haƙa ramin. Da Yaya ta tambaya bayan wata guda, na ce mata komai lafiya.

A Mararaban Rido tankokin mai suka tare hanya, masu rake da burodi suna cusa hannu ta taga. Sai wajen goma muka shiga asibiti, muka karɓi kati, muka bi layi har rana ta take.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta duba Yaya a bayan labule, ta daɗe, sannan ta fito ta nemi takardar gwajin naman da aka cire.

"Ƙanwata ce ta kai," in ji Yaya. "Ta ce risolt ya fito, babu komai."

Duk suka juyo suna kallona. Na faɗa musu, ban rage komai ba.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ce idan aka cire ƙullutu aka bar nono, kamar yanke ruɓa ne daga jikin doya, dole a tabbatar farin lafiyayye ya kewaye wurin. Ido ba ya iya gani. A ɗakin gwaji ake shafa wa gefen naman tawada, a duba da na'ura. In cutar ta taɓo tawadar, to akwai saura a jiki, sai a koma a ƙara yankewa. Ko gefen ya fita tsaf ma, akan bi da gasa wurin da hasken na'ura. Yaya ba ta sami ko ɗaya ba. Ta ce ba za ta rantse cewa gwajin zai hana dawowar ba, amma da an san inda aka tsaya. In kansar ce, mai yiwuwa sai an cire nonon gaba ɗaya.

Ta sa allura ta ɗebi ɗan nama daga sabon ƙullutun, aka sa a ƙaramar kwalba. Nas ta miƙo mini don in kai ɗakin gwaji a wani gini daban. Yaya ta riga ni miƙa hannu. Ta ɗaura zanenta, ta tafi da kwalbar da kanta, ina biye da ita da jaka.

A hanyar dawowa ban ga komai ba. Wani ya yi ta gardamar farashin taki tun daga Kujama, ban san wa ya ci ba. Yaya ta jingina da taga, amma ba barci take yi ba. Kunya da baƙin ciki suka hana ni ko gyara zama.

Da magariba muka sauka a Kafanchan, ƙafafuna sun kumbura. Abin da na koyo ba shi da yawa: duk abin da aka cire daga jikin mutum a asibiti, a kai shi gwaji, a karɓo takardar a riƙe, ko wa ya ce a binne, ko gajiya ta kai ina.

Na tsayar mata da mashin zuwa Fadan Kagoma, don ta ce ba za ta kwana a wurina ba. Har ta hau, sai ta ce wa mai mashin ya dakata.

"Sati biyu suka ce. Ki shirya mu koma tare," ta ce. "Amma a gaban likita za ki karanta mini risolt ɗin."